Babi na Biyar: Mura Tsakanin Alade da Mutum

Shin mutumin da bai taɓa cin naman alade ba, bai taɓa kiwonsa ba, ko kusa da shi ba ya zuwa, zai iya kamuwa da murar aladu? Tambayar ta yi yawo a bakin jama'a a shekarar 2009, lokacin da gidajen rediyo suka cika da labarin wata sabuwar mura da ta ɓulla a ƙasar Meziko. A gari irin Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko-Wasagu a masarautar Zuru, tambayar ta fi nauyi fiye da yadda take a Kano ko Sakkwato. A nan Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya zaune suke unguwa da unguwa, wani lokaci ma dangi ɗaya ne. Wannan gida yana kiwon aladu, na kusa da shi ko sunansu ba ya son ji, amma rijiya ɗaya suke ɗiba, kasuwa ɗaya suke ci, 'ya'yansu kuma benci ɗaya suke zama a makaranta.

Amsar ita ce zai iya kamuwa. Shi kansa mai kiwon, a mafi yawan lokuta, ba daga aladensa yake ɗaukar mura ba. Sau da yawa ma shi ne yake sa wa aladen. Kafin a gane yadda hakan ke faruwa, sai an fara sanin ita ƙwayar cutar.

Mura iri-iri ce

Cututtuka da dama ne ake haɗawa a kira su mura. Akwai 'yar ƙaramar da ke zuwa da majina da atishawa, ta wuce mutum yana ci gaba da aikinsa. Akwai kuma mai kayar da ƙato: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, da kasalar da ke hana ɗaga ko fartanya. Wannan ta biyun ce likitoci ke kira infuluwenza, ita ce kuma batun wannan babi.

Bairos ne ke kawo ta, wato wata ƙwayar cuta ƙanƙanuwa ƙwarai wadda ba ta iya hayayyafa da kanta sai ta kutsa cikin ƙwayoyin jikin wani mai rai, ta tilasta musu su ƙera mata 'ya'ya. Daga cikin nau'o'inta, wanda ake kira A shi ne ke tsallakawa daga dabba zuwa dabba, shi ne kuma ya haddasa dukkan manyan annobar mura da aka tantance. A bayan kowace ƙwaya akwai wasu ƙayoyi iri biyu. Na farko, da ake wa laƙabi da H, da su take maƙalewa a jikin hanci da maƙogwaro ta shiga. Na biyu, N, da su sababbin ƙwayoyin ke yanke kansu su fito su nemi wani wurin. Kowannensu yana da samfura da yawa da aka ba lamba, shi ya sa ake jin sunaye irin H1N1 da H3N2 da H5N1.

Asalin gidan bairos na A tsuntsayen ruwa ne na daji, dangin agwagwa da dinya, waɗanda galibi suke ɗauke da shi a hanjinsu ba tare da sun yi ciwo ba, suna zubar da shi a tafki da kogi ta kashinsu. Daga wurinsu ne, a lokuta daban-daban, wasu rassa suka zauna a jikin mutum, wasu a doki, wasu a alade, wasu a kaji. A yau H1N1 da H3N2 ne ke yawo cikin mutane kowace shekara. Cikin aladun duniya kuwa akwai H1N1 da H1N2 da H3N2. Sunayen sun yi kama, amma reshen da ya saba da alade ba ya jin daɗin jikin mutum, wanda ya saba da mutum ma haka, sai dai shingen da ke tsakaninsu gajere ne.

Yadda take kama alade

Idan ta shiga garke, ba ta ɓata lokaci. Kwana ɗaya zuwa uku bayan shigarta, sai a wayi gari kusan duk aladun sun kwanta sun cure wuri guda, sun ƙi abinci, jikinsu zafi rau. Ana jin tari mai ƙarfi idan aka tashe su, majina tana zuba, idanu sun yi ja, wasu suna numfashi da ciki. Mace mai ciki tana iya yin ɓari saboda zafin zazzaɓin. Mai su zai ɗauka asara ta zo, amma cikin mako guda sai su miƙe su koma kan abinci. Waɗanda ke mutuwa galibi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, idan wata cutar ba ta hau kai ba. Wasu garkunan ma cutar tana ratsa su ba tare da an ga wata alama ba.

Wannan sauƙin nata shi ne matsalar. Cutar da ba ta kashe dabba ba wanda ke kai rahotonta. Mai kiwo zai ce sanyi ne ya kama su, ya jira su warke, su kuma warke ɗin, bairos ya wuce garke na gaba ba wanda ya rubuta komai.

Abin da ya sa aka zuba wa alade ido

Ƙayar H ba ko'ina take kamawa ba. Bairos na tsuntsu yana da irin wurin da yake maƙalewa, na mutum yana da nasa daban, shi ya sa murar tsuntsaye ba ta cika yaɗuwa tsakanin mutane ba. Hanyar numfashin alade kuwa tana da wuraren iri biyu. Bairos na agwagwa yana iya samun masauki a ciki, na mai gidan ma haka.

Sai abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci. Saƙon gadon wannan bairos, wato umarnin da ake bi a ƙera sabo, ba a dunƙule yake ba. Gutsure takwas ne, kowanne da aikinsa. Idan bairos iri biyu suka shiga ƙwayar jiki ɗaya a lokaci ɗaya, gutsattsarin nan goma sha shida sai su cakuɗe. Abin ya yi kama da bakaniken da ya kwance babura biyu na kamfani daban-daban a rumfa ɗaya, ya zube kayansu a tabarma guda, sannan ya shiga haɗawa cikin duhu: injin wannan, tankin wancan, birkin wannan. Yawancin abin da zai haɗa ba zai tashi ba. Amma cikin haɗi 256 da lissafi ya nuna za a iya samu daga gutsure takwas-takwas, wani lokaci ana dacewa da wanda zai tashi ya yi gudu, kuma ba wanda ya taɓa ganin irinsa.

Haɗarin sabon haɗi shi ne jikin mutane bai san shi ba. Garkuwar jiki tana gane mura ne ta ƙayoyinta. Wanda ya yi ta bara yana da ɗan kariya bana. Idan aka zo da ƙayar da yawancin jama'a ba su taɓa gamuwa da ita ba, kuma bairos ɗin ya iya tafiya daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa, to annoba ta samu. Ta 1957 da ta 1968 duk daga cakuɗar bairos na mutum da na tsuntsu suka fito. Ba alade kaɗai ne wurin da cakuɗar ke iya faruwa ba, jikin mutum ma yana iya zama wurin, amma alade ne dabbar da ta fi zama a tsakiyar mutane da kaji, da yawa, a kusa.

Daga marisuwa zuwa 1976

Annobar 1918, wadda aka riƙa kira marisuwa a ƙasar Hausa, ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumban shekarar, ta bi layin dogo da koguna da hanyoyin fatake ta kai Arewa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum dubu 500 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. A duniya ana ƙiyasta mutum miliyan 50 ko fiye.

A kakar wannan shekara wani likitan dabbobi a jihar Iowa ta Amurka, J. S. Koen, ya lura cewa aladun manoma suna kwanciya da ciwo iri ɗaya da na masu su, kuma idan ya shiga iyali sai ya shiga garke, idan ya shiga garke sai ya shiga iyali. Manoman ba su ji daɗin maganarsa ba, domin suna tsoron kasuwar nama ta faɗi. Sai a farkon shekarun 1930 Richard Shope ya ware bairos ɗin daga jikin alade, kafin ma a ware na mutum a Landan a 1933. Masu bincike da yawa sun fi karkata ga cewa a 1918 mutane ne suka sa wa aladu, bairos ɗin kuma ya zauna cikinsu shekara da shekaru yana sauyawa a hankali.

A Fabrairun 1976 reshen nan na aladu ya ɓulla a barikin soja na Fort Dix a Amurka, ya kama kurata da dama, ya kashe ɗaya. Gwamnatin Shugaba Ford ta tsorata da maimaituwar 1918, ta yi wa mutum sama da miliyan 40 allurar rigakafi. Annobar ba ta zo ba. Bairos ɗin bai fita daga barikin ba. Yawancin tsallakawar da mura ke yi daga alade zuwa mutum haka take ƙarewa. A 2012 ma, mutum sama da 300 a Amurka, yawancinsu yara, sun kamu da wani reshe na H3N2 a wuraren baje kolin dabbobi inda suka daɗe kusa da aladu. Mutum ɗaya ya rasu, cutar kuma ba ta yi nisa ba.

Shekarar 2009

Wannan karon ta yi nisa. A watan Afrilu aka gano sabon H1N1 a jikin yara biyu a kudancin Kalifoniya, daidai lokacin da asibitocin Meziko ke cika da matasa masu ciwon huhu. Da aka warware gutsattsarinsa takwas sai aka ga tarihin shekaru a ciki: wasu daga tsohon reshen aladun Amurka mai tushe a 1918, wasu daga tsuntsaye, ɗaya daga murar mutane ta H3N2, biyu kuma daga aladun Turai da Asiya. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa a cikin aladun tsakiyar Meziko aka yi haɗin, bayan cinikin aladu masu rai tsakanin nahiyoyi ya kawo rassan wuri guda, kuma magabatan bairos ɗin sun yi shekaru suna yawo a garke ba a lura ba.

Ranar 11 ga Yuni, shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, Margaret Chan, ta ayyana annoba, lokacin cutar ta shiga ƙasashe 74. Ba a ɗage sanarwar ba sai Agustan 2010. Mutuwar da aka tabbatar da gwaji ta kai kimanin 18,500, amma ƙiyasin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta jagoranta ya sa adadin gaskiya tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko, kusan rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, inda gwaji ya yi ƙaranci. Kashi 80 cikin 100 na mamatan ba su kai shekara 65 ba. Tsofaffin da aka haifa kafin 1957 sun ɗan tsira, domin jikinsu ya taɓa gamuwa da dangin wannan bairos tun suna yara.

Tun daga ranar da ya koyi tafiya tsakanin mutane, bairos ɗin bai ƙara buƙatar alade ba. Jirgin sama ne ya kai shi ƙasashe. A Najeriya an fara tabbatar da shi a Legas a ƙarshen 2009, a jikin wata yarinya, mutuwar farko kuma ta zo a Janairun 2010, ita ma a Legas. A Saudiyya, ƙasar da ba a kiwon alade, hukumomi sun shawarci tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara su ɗage aikin Hajjin shekarar, kuma cikin alhazai huɗu na farko da aka sanar cutar ta kashe akwai wata yarinya 'yar Najeriya mai shekara 17.

Masar ta ɗauki wata hanya da ya kamata duk mai mulkin jama'a masu addini daban-daban ya yi nazarinta. A ƙarshen Afrilun 2009, tun ba a samu mai cutar ko ɗaya a ƙasar ba, gwamnati ta ba da umarnin yanka dukkan aladun ƙasar, kimanin dubu 300. Yawancinsu na Kiristoci Kibɗawa ne matalauta masu kwasar shara a Alƙahira, waɗanda ke ciyar da su da ragowar abinci. Hukumomin lafiya na duniya sun ce matakin ba shi da tushe. An yanka aladun, dubban iyalai sun rasa abin dogaro, shara ta taru a tituna, cutar kuma ta shigo a watan Yuni ta filin jirgin sama. Bairos ɗin na 2009 bai tafi ko'ina ba. Shi ne H1N1 da ke cikin murar da mutane ke yi kowace shekara har yau.

Abin da aka gano a Najeriya

Bayan annobar, masu bincike sun juya tambayar: me mutane suka bar wa aladu? Tun a Mayun 2009 aka samu garken aladu a lardin Alberta na Kanada ɗauke da sabon bairos ɗin, daga nan kuma rahotanni irin wannan suka riƙa fitowa daga nahiya zuwa nahiya. A 2010 an same shi a jikin aladun da ke yawo sake a ƙauyukan arewacin Kamaru. A Najeriya, Dokta Clement Meseko da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, sun ware shi daga aladun wata babbar gona a Legas. Masu bincike na Jami'ar Ibadan kuma sun gano rassan murar mutane a jikin aladu a Ibadan da Kumasi ta Ghana. Duk waɗannan shaidu hanya ɗaya suka nuna: daga mutum zuwa alade.

Sakamakon da ya fi tayar da hankali ya fito a 2018. Bayan murar tsuntsaye ta H5N1 ta dawo Najeriya a 2015, masu binciken na Vom sun ɗauki samfur daga aladun da aka kai mayanka a Jos, suka tarar da bairos ɗin tsuntsaye a jikin wasunsu, alhali dabbobin ba su nuna alamar ciwo ba. Ke nan a ƙasa ɗaya, cikin dabba iri ɗaya, an samu murar mutum mai saurin yaɗuwa, an kuma samu murar tsuntsu mai yawan kisa. Haɗuwarsu a jikin alade guda ita ce abin da masana ke gudu.

Cikin gida a ƙasar Zuru

Kiwon aladu a yankin Ribah da ƙauyukan da ke kewaye da shi ba na manyan gonaki ba ne. Na tsakar gida ne: uwa ɗaya ko biyu da 'ya'yansu, a wani ɗan ɗakin laka ko shinge a bayan gida. A gidaje da yawa mata da yara ne ke kula da su, kuma su ne asusun gidan. Idan kuɗin makaranta ya taso, ko asibiti, ko Kirsimeti, sai a kama ɗaya a sayar. Da damina ana tsare su ko a ɗaure saboda amfanin gona. Da an kawar da dawa sai a sake su su nemi abinci, su dawo da yamma a zuba musu dusa da ragowar tuwo da abin da ya rage daga dafa burkutu.

Wurin zuba abincin ya cancanci a tsaya a dube shi. Sau da yawa jarka ce da aka yanka biyu, ko tsohuwar taya da aka tsaga. Alade ya tsoma hanci a ciki, ya ɗago, kaza ta sa baki, agwagwar da ta wuni a kududdufin bayan gari ta shiga ciki gaba ɗaya ta yi wanka ta yi kashi. Yarinyar da ta kawo dusar tana fama da mura, ta durƙusa tana juyawa da hannu, tana tari a kai. Babu mai laifi a cikin wannan hoto, haka aka saba, kuma a mafi yawan ranaku ba abin da ke biyo baya. Amma duk abin da cakuɗar bairos ke buƙata ya hallara a cikin rabin jarkar nan. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi wannan haɗari: idan kaji suka mutu, maimakon a binne su, sai a jefa wa aladu su cinye.

Lokaci ma yana taimaka wa cutar. Sakin aladu ya zo daidai da hunturu, lokacin da ƙura da sanyi ke raunana hanci da maƙogwaro, mutane kuma suke cunkushewa a ɗaki a rufe ƙofa. Lokacin ne na bukukuwan ƙarshen shekara da bikin gargajiya na Uhola, lokacin da 'ya'yan ƙasar Zuru, wadda ta yi suna wajen aikin soja, suke dawowa gida daga barikoki da birane, kowa da irin murar garin da ya fito. Lokacin ne kuma tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya suke sauka a fadamun Afirka ta Yamma. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara wani abu: iyalan da suka baro ƙauyukan Danko-Wasagu suka shigo gari sun matsu a ƙananan wurare, wasu da 'yan dabbobin da suka samu tsira da su.

Sai fatauci. Alade ba ya mutuwa inda aka haife shi. Dillalai suna tattara su gida-gida, a haɗa na ƙauyuka da yawa a mota ɗaya, a nufi kasuwanni, har zuwa irin babbar kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan da biranen Kudu. Wanda bai samu mai saye ba a dawo da shi garke da abin da ya kwaso. Aron namiji domin barbara, wanda ke zagaya gidaje biyar ko shida, shi ma hanya ce.

Nama, da cutar da ake rikita ta da mura

Murar aladu cutar numfashi ce, ba ta bin nama. Dahuwar da ta kai zafin digiri 70 har cikin tsoka tana kashe bairos ɗin. Haɗarin yana wurin mai riƙe dabbar da rai da mai yanka da mai gyaran huhu da maƙogwaro. Naman da bai dahu ba yana da tasa matsalar ta daban: binciken da masana na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato suka buga a 2010 ya samu 'ya'yan tsutsar ciki a naman aladun Zuru, tsutsar da ke iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa ta jawo farfaɗiya, kuma sakin aladu inda mutane ke bahaya a fili ne ke ciyar da ita gaba.

Idan kuwa aladu suka shiga mutuwa rututu cikin 'yan kwanaki, kunnuwa da ciki sun yi ja ko shuɗi, wani lokaci da gudawar jini, to wannan ba mura ba ce. Alamun zazzaɓin aladu na Afirka ne, wanda ya shigo Najeriya a 1997, ya kuma hallaka aladu masu ɗimbin yawa a gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020. Shi yana share garke kaf, amma ba ya kama mutum ko kaɗan. Kafafen labarai kan haɗa sunayen biyu, abin da ke sa jama'a su firgita da cutar da ba ta taɓa su, su yi sakaci da wadda ke iya taɓa su.

Idan mura ta shiga gida

Matakan da suka fi amfani ba sa cin kuɗi sosai. Mai mura ya bar wa wani aikin ba aladu abinci har mako guda; idan ba yadda za a yi, ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga da bayan ya fito. Idan aladun ne ke tari, mai ciki da yaro ƙasa da shekara biyar da tsoho da mai asma ko ciwon suga ko sikila ko cutar da ta raunana garkuwar jiki su nisanci wurin. A raba mazubin ruwan aladu da na kaji da agwagi, a ɗaga akurki daga jikin shingen aladu, mushen kaza kuma a binne shi da zurfi. Sabon alade, ko wanda ya dawo daga kasuwa, a ware shi aƙalla mako biyu kafin ya shiga cikin sauran. Takalmi da rigar aikin garke su tsaya a garke.

Ga mutum, yawancin masu infuluwenza suna warkewa cikin mako guda da hutu da yawan shan ruwa da farasitamol. Kafson da ake saye a kemis, ja-da-yalo da ire-irensa, bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Asfirin kuma ba a ba yaro mai mura, domin yana iya lalata masa hanta da ƙwaƙwalwa. Akwai maganin bairos ɗin kansa, oseltamivir, wanda ya fi aiki idan aka fara shi cikin kwana biyu na farko. Alamun da ba a jira da su sai asibiti su ne numfashi da ƙyar ko da sauri, ciwon ƙirji, leɓe ya sauya launi, ruɗewa, yaro ya ƙi nono ko ya kasa shan ruwa, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da tari mai tsanani. Mai zuwa asibiti da irin wannan ya faɗa wa likita idan yana aiki da aladu ko kaji, musamman idan su ma ba su da lafiya. Allurar rigakafin mura ta shekara-shekara tana ɗauke da H1N1 na 2009, sai dai ba ta cikin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta.

Abin da ya fi wuya shi ne kai rahoto. Cibiyoyin da Najeriya ta ware tun 2008 domin sa ido kan mura suna manyan asibitoci ne a Kano da Abuja da Legas da Nnewi, nesa da Ribah. Idon farko a nan shi ne na mai kiwo, sai malamin dabbobi, sai jami'in sa ido kan cututtuka da kowace ƙaramar hukuma take da shi. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 ma tana da rawar da za ta iya takawa. Amma mai kiwo ba zai buɗe baki ba idan ya san abin da zai biyo baya shi ne a kashe masa dabbobi ba diyya, ko maƙwabta su nuna gidansa da yatsa a ce su ne suka kawo wa gari ciwo. Duk limami ko fasto ko mai unguwar da ya bari aka mayar da maganar cuta ta zama gorin addini, ya toshe bakin mutumin da zai fara ganin alamar, kuma bairos ɗin da ya riga ya koyi bin numfashi ba zai tsaya a ƙofar gidan mai aladu ba.

Najeriya ta taɓa gwada wannan lamari na diyya da ɓoye cuta, amma a kan kaji. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a kajin nahiyar Afirka, gwamnati kuma ta yanke naira 250 a kan kowace kazar da aka kashe. Yadda masu kaji suka karɓi wannan farashi, da hanyoyin da cutar ta bi ta kai Kano da sauran jihohi, su ne abin da babi na gaba zai bi diddigi.